Bana na sallame ka

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan group mai albarka. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, shekara ta zo ƙarshe kowa na shirin mai kamawa, ni kuwa ban san ta inda zan faro ba.

Ni matar aure ce a Babura, maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, riɗi da gero. Bara war haka ya ji a rediyo wai yana da kyau magidanci ya tara iyalinsa a ƙarshen shekara a tsara abin da za a sa gaba, mutumin da ko hira ba ya yi da yara sai ga shi ya kira miting a tsakar gida. Ya ce 'yar autarmu ta sauke Alƙur'ani kafin azumi, mai bi wa babban ya koyi ɗinki, da ya zo kan ɗanmu na fari sai ya ce kai kuma bana na sallame ka. Ya tashi ya tafi masallaci abinsa.

Ni na san nufinsa. Sallama irin ta kasuwa yake nufi, yadda ubangida ke sallamar yaronsa da jari ya tsaya da ƙafarsa, har rumfa ya kama masa a ɓoye. Amma a satin ne yaron ya bar buhunan riɗi a ƙasa gara ta ci, uban ya yi masa tatas a gaban mutane. Shi sai ya ɗauka an sallama shi ne, an yafe wa duniya shi. Na ga yadda fuskarsa ta canza, wallahi na gani, amma ɗan fari ne, a gidanmu uwa ba ta yi wa ɗan fari magana a gaban mutane, ko sunansa ban taɓa faɗa ba, Yayansu nake cewa. Na ce in uban ya dawo zai yi masa bayani. Kafin la'asar yaron ya hau mashin ɗin abokinsa ya tsallaka Nijar.

Na yi kuka na yi magiya, maigidan ya ce shi ba zai bi ɗan da ya haifa da bayani ba, in ya ga uwar bari zai dawo. Rumfar tana nan a kulle, ya ƙi ba kowa, in ya zo wucewa ta layin sai ya canza hanya. Taurin kai dai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yanzu wani direba ya ce ya ga yaron a Damagaram yana dako, kuma wai shekara na shiga zai bi motar Agadas ya wuce Libiya. Ya kawo min lambarsa. Jiya na sa kati na kira, ya ɗaga ya ce wa ke magana. Ɗana bai san muryata a waya ba. Na rasa da me zan kira shi, har ya gaji ya kashe.

Gaskiya na fara cire rai, ko abinci ba na iya ci. In na sake kira a bayan idon ubansa na saɓa wa miji, in na yi shiru sahara za ta cinye min yaro. Iyaye mata da ke nan, ku gaya min, in ya sake cewa wa ke magana, me zan ce masa?