Makarar da Muka Ara Don Fim

Gwaggo Safara'u, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ya fi ƙarfin in faɗa wa abokai, su kuma dattawan unguwa na riga na san abin da za su ce.

Ni mazaunin unguwar Hashimi ne a nan Suleja. Ina aiki a Abuja, Asabar da Lahadi kuma ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Bana da na ga yadda finafinan Hausa ke shigowa kasuwa, sai na ce ni ma bari in gwada nawa. Ban yi makarantar fim ba, ba ni da ubangida a sana'ar. Malamina shi ne intanet. Akwai wani Cletus mai shagon buga takardu kusa da ofishinmu, ya sa layin a kwamfutarsa, shi ya fara nuna mini. Kafin shafi ɗaya ya buɗe sai ka ci gyaɗarka ka gama, amma wallahi na ƙaru. A nan na koyi tsara labari fitowa-fitowa, da yadda ake tare hasken rana da farin kwali a mayar da shi fuskar mutum, da yadda ake tace fim da na'urar bidiyo guda biyu. Har na shiga wani zauren intanet na masu shirya fim da ƙaramin ƙarfi, ka aika tambaya ta imel, kafin gobe mutanen da ba ka taɓa gani ba sun amsa maka daga ƙasashe daban-daban.

A labarin nawa akwai inda jarumin ke mutuwa. Abokina Ghali ne jarumin, tela ne, mutum mai barkwanci. Na tambayi zauren yadda ake ɗaukar jana'iza ta yi kama da gaske. Suka ce in guji kayan kwaikwayo, in nemi ainihin abin da mutanen garinmu ke amfani da shi. Wani kuma ya koya mini in lanƙwasa kwali a kan ƙirjinsa a ƙarƙashin mayafi don kada a ga numfashi. Na bi maganarsu sak. Na sayo farin yadi aka naɗe Ghali yadda ake naɗe mamaci, muka lallaɓa muka aro makarar masallacin unguwa da hantsi lokacin da babu kowa, abokanmu suka ɗauke shi suka bi da shi ta lungu. Hoton ya yi kyau, kamar jana'izar gaske.

Gwaggo, ko wata biyu ba a yi ba zazzaɓi ya kwantar da Ghali, Allah Ya karɓi abinsa. Makarar nan dai ita ce ta unguwa, a cikinta aka sa shi. Waɗanda suka ɗauke shi a fim su ne suka fara kama ta. Lungun nan aka bi, kuma da hantsi. Ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina tsaye a gindin katangar da na kafa kyamara ran nan, har bakina ya buɗe zan ce a koma baya a sake. Da ƙyar na haɗiye maganar.

Tun daga ranar ban iya tace fim ɗin ba. In kaset na tafiya, likkafanin ba ya motsi ko kaɗan, kamar yadda aka koya mini. Amma da na danna tsayawa, sai in ga ƙirjin yana rawa a hankali, kamar mai numfashi. Da rana tsaka nake kallo, taga a buɗe, yara na wasa a waje, amma sai in ji ɗakin ya yi mini sanyi. A kasuwa kuwa in na wuce sai hira ta tsaya. Na ji ana cewa ni na yi masa gwajin mutuwa, ita kuma ta ji kira ta amsa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na rubuto miki shi ne mahaifiyarsa, Inna Azumi. Tana Zariya wajen jegon 'yarta lokacin da ya rasu, kuma kin san gawa ba ta jira. Kafin ta iso an rufe shi. Ba ta ga fuskarsa ba, ba ta ga fitarsa ba. Yanzu kusan kullum bayan la'asar sai ta zo ta zauna a dakalin ƙofar gidanmu. Ba ta zagina, ba ta kuka, gara ma a ce tana yi. Mu gaisa kawai, can ta tashi ta tafi. Shekaranjiya ta buɗe baki ta ce ta ji an ce ina da kaset ɗin da ke nuna yadda aka ɗauki ɗanta, tana so in nuna mata.

Na koma zauren na ba su labari. Wani ya ce in nuna mata, zuciyarta za ta huta. Wani ya ce in saki fim ɗin yadda yake, in rubuta sunan Ghali a farko, babu girmamawar da ta fi wannan. Abokan aikina na fim ɗin ma haka suke so. Ni kuwa ina tsoron in nuna mata ta faɗi a gabana, ina kuma tsoron in hana ta, ta riƙe ni a zuci har ta koma ga Allah. Gobe ma za ta zo. Yaya zan yi da ita?

Naki,
Mai Kyamara, Hashimi, Suleja
Nuwamba, 1999

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Ghali, Ya ba ku haƙuri.

Bari in fara sauke maka kayan da ba naka ba. Kyamara ba ta kiran mutuwa, yadi ba ya kiranta. Da kwanciya a makara ko sayen likkafani na jawo ajali, da tsoffin da ke sayen likkafaninsu su ajiye a ƙarƙashin gado ba su kai shekara ba, ga su nan kuwa suna ta aurar da jikoki. Makara ɗaya ce a unguwarku, lungu ɗaya ne, abokansa su ne abokansa, wa kake so ya ɗauke shi in ba su ba? Rawar da kake gani kuma, na tambayi mai gyaran bidiyo na layinmu, ya ce kowane kaset haka yake karkarwa in an tsayar da shi. Sa na bikin da ka ɗauka ka danna, za ka ga amarya ma tana rawar sanyi. Ka daina zama kai kaɗai da wannan hoton.

Amma ba zan wanke ka tas ba. Makarar masallaci ba kayan wasa ba ce, kuma ka san haka, shi ya sa kuka jira sai da babu kowa. Je ka sami liman ka faɗa masa da bakinka. Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai. Ranar da mutane suka ga kun fito tare, rabin surutun kasuwa ya mutu.

Mutanenka na intanet ban ga laifinsu ba, kuma kada ka bar zaurensu. Sun koya maka a kyauta abin da wani zai ɓoye maka shekaru. Tambaye su haske, tambaye su sauti, tambaye su tacewa. Sai dai wanda ya ce ka nemi ainihin kaya bai san mene ne makara a wurinmu ba, kuma ba shi zai bi ta kasuwar Suleja gobe ba. Kowa ya fi sanin inda ɗakinsa ke yoyo. Abin da ya shafi mutanenka, a gida ake tambayarsa.

Ni a ganina ka cire wannan fitowar daga fim ɗin. Takalma a ƙofar gida da maza zaune a kan tabarma sun isa su gaya wa kowane Bahaushe an yi rasuwa. Sauran fim ɗin kuma kada ya fita sai da yardar mahaifiyarsa, ko abokan aikinka sun ji haushi.

Yanzu ga babbar maganar. Inna Azumi na da hakki, kada ka ce mata babu, kada kuma ka yi mata ƙarya. Amma ka yi tunani, me za ta gani a wannan hoton? Farin yadi da ƙafafun masu ɗauka. Ba shi ke kawo ta dakalinka ba. Kai da ka ɗauki fim guda da shi, kana da Ghali yana tafiya, yana magana, yana manta kalamansa kuna dariya. Zauna ka tattara su a kaset ɗaya da dabarar nan taka ta bidiyo biyu. Kada ka bari ta sake takowa, kai za ka je gidanta da rana, ka ce a kira mata 'yan'uwanta mata su zauna kusa da ita. Ka gaya mata gaskiya cewa wancan na makarar wasa ne, fuskarsa ma ba ta fito ba, kuma yana nan a ajiye duk ranar da ta ce a kawo. In ta kalli wannan ta ce har yanzu tana son wancan, ka kai mata, ita ta haife shi. Ban zaci za ta nema ba.

Za ta yi kuka, kada ka tsorata, ka bar ta ta yi, kukan ne ya tokare ta tun daga Zariya. In ta ce a mayar baya a sake, ka mayar, ko sau nawa ne. Da za ka tafi, ka bar mata kaset ɗin.

Allah Ya sanyaya zuciyarta da taka, Ya sa albarka a sana'arka.

Gwaggonka,
Safara'u