Kaset Marar Kwali

Tudun Wada,
Watan Sha'aban, 1998.

Zuwa ga Yayata Suwaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga yayarta, da girmamawa da kewa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Mainasara da yara a can Fatakwal, ya tsare ku a baƙon wuri, ya yi wa nemanku albarka. Mu nan muna godiya ga Allah a kan kowane hali. Baffa yana lafiya a Ɗansoshiya, sun gama yankan dawa, ciwon gwiwar nan tasa ma ya yi sauƙi. Inna Tasalla, mahaifiyar maigidana, ita ce dai abinci ya ƙi shigar mata. Saƙonki ya iso ta bakin direban motar shanu. Kin ce kada in yarda da sulhu, in jira ku zo da Sallah, Yaya Mainasara ya san wani lauya. Kin kuma tambaya ko da gaske ne sata ya yi. Bari in ba ki labarin yadda na gan shi da idona, don abin da ke yawo a bakin mutane ya sha bamban.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Na ɗora miyar kuɓewa na kishingiɗa a tabarma da littafi a hannu, kin dai san halina. Na zo daidai inda yarinyar labarin take tsaye gaban alƙali tana jiran a bi mata haƙƙinta, har na manta da tukunya. Maigidan yana shagonsa na hayar kaset da ke jikin zaurenmu, bidiyonsa biyu suna ta gurza fim daga wannan kaset zuwa wancan kamar kullum. Sai na ji mota ta ci burki, na ji ƙarar gilashi, na ji muryarsa yana salati. Kafin in miƙe ƙarti sun cika tsakar gida, ba sallama, ba tambayar ko da matar aure a ciki. Sun janyo shi ta wuyan riga, wani da bel, wani da gora. Yana ce musu su tsaya a yi magana, shi ba guduwa zai yi ba, suna ce masa ai yau maganar da jikinsa za a yi ta. Ɗan sandan da suka zo da shi daga Kano yana jingine a bakin ƙofa yana shan rake.

Yaya, akwai wani siriri mai giɓi a cikinsu, daga baya na ji sunansa Sale. Shi ne ya koma mota ya ɗauko sifanar kwance taya. Maigidan ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya kara. Duka na biyu a ido ya same shi. Jini ya fantsama har jikin randar ruwa. Na riƙe ƙafar mutumin ina roƙonsa don Allah don Annabi, ya shure ni na faɗa kan murhu, miyar ta kife mini a cinya. Ban ma san na ƙone ba sai da yamma. Suka fasa kaset suka zaro zarensa, suka nannaɗe masa wuya da shi kamar rago, suka ja shi cikin kasuwa suna cewa a fito a ga mai cin gumin mutane. Ni da tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka kasuwar ba, ranar na ratsa ta da gudu, ba ɗankwali ba takalmi. Wata Bafulatana mai nono, Hasana, ita ta yafa mini zanenta ta riƙe ni. A cikin masu ihun ɓarawo na ga waɗanda matansu ke aikowa a ba su kaset bashi ranar suna. Har wani ya fara cewa a kawo taya, sai da dattawan mahauta suka tsaya a kansa da wuƙaƙensu suka ce duk wanda ya matso sai dai a yi gawa biyu. Su Sale suka dawo suka tara kaset da bidiyon a ƙofar gida suka zuba fetur. Akwatin littattafaina ma da shi suka haɗa, sun zaci kaset ne a ciki. Warin robar nan har yau yana cikin kayan sawata.

To ga laifin nasa, ba zan ɓoye miki ba. Yadda sana'ar take, mai fim ba kaset yake sayar wa 'yan kasuwa ba. Yana ba da uwar kaset guda a gurza, shi kuma kwalin da ake saka kaset a ciki, mai hoton 'yan wasa, shi yake sayarwa. Cinikinsa duk a kwalin nan yake. In ka gurza ka saka a kwalinsa, halal. In ka sayar da kaset tsirara, ka ci haƙƙinsa. Da kaka ta yi, mutane suka sami abin hannu, bukukuwa suka yi yawa, kwalayen wani sabon fim suka ƙare wa maigidan. Masu saye na zuwa daga Doguwa da ƙauyuka, ya ga ba zai mai da su hannu wofi ba, sai ya ci gaba da gurzawa yana cewa in ya shiga Kano zai sayi kwalayen ya cike. Ya shiga Kano kuwa, bai saya ba. Wannan gaskiya ce, kuma ya amsa ta. Amma kin san abin da ya kawo su ƙofarmu? Hatiminsa. Al'adarsa ce ta mai haya, kowane kaset sai ya buga masa hatimi don kada ya ɓata a gidajen mutane, hannunsa ya saba har bai bambanta na haya da na sayarwa ba. Sunan nan da ban taɓa kira da bakina ba, ga shi ɓaro-ɓaro a jikin kowanne: Mudi Mai Bidiyo, Bakin Kasuwa, Tudun Wada. Wani ɗan kamasho ya kai guda Kano, ya faɗa hannun masu fim ɗin. Ki gaya mini, Yaya, wane ɓarawo ne yake buga sunansa da unguwarsu a kan abin da ya sata?

Ranar ɗan sandan nan ya tafi da maigidan, yanzu yana gidan yari a Kano, an ɗaga shari'a sai bayan Sallah. An ce doka ta tanadi tara ko ɗauri, ko duka biyun. Baffa ya kai ƙarar dukan, kuma ni kaɗai ce shaidar da ta yarda za ta nuna Sale, sauran kowa ya ce bai ga komai ba. Shi ya sa mai fim ɗin, Shitu, wan Sale, ya zo ya sami Baffa a zaurenmu ranar da Baffan ya zo duba mu. Na laɓe a bayan zana ina ji. Na zaci zan ji muryar wani ƙaton azzalumi irin na littafi, sai na ji saurayi mai rawar murya. Ya ce gonar gadonsu ya sayar ya yi fim ɗin, kafin mako ya zagayo kaset tsirara sun cika gari, kwalayensa suna jibge a ɗaki ɓeraye na ci, mahaifiyarsu ta daina yi masa magana. Baffa ya tambaye shi manyan masu gurzawa na birni, masu ɗaki cike da bidiyo, su me ya yi musu. Ya ce su ba su buga hatimi. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: in na janye maganar ƙanensa, shi ma zai janye tasa, a saki maigidan.

Tun ranar nake juya abin. Ban ce ba a cuci Shitu ba, an cuce shi, har da hannun mijina a ciki. Da kwashe bidiyon suka yi, aka sa shi ya biya kwalayen nan ninki, aka rufe shagon, ko ma alƙali ya ɗaure shi ɗan lokaci, wallahi da na sunkuyar da kai na ce shi ya jawo. Amma ido? An fasa masa ido, an karya masa hannu, an ƙone sana'arsa, an zagaya da shi kasuwar garin da aka haife shi, sannan yanzu ne za a fara yi masa hukunci. Wanda ya ɗauko sifana kuwa yana gidansu yana cin tuwo. Wani lokaci har kaina nake tambaya: littafi ɗaya nakan saya, ya zaga gidajen unguwar nan kaf har bangonsa ya cire, wadda ta rubuta ba ta san an yi ba. To ni ma da me ya kamata a doke ni? Na dai san gonar Shitu ba ta dawo ba don idon mijina ya tafi.

Makon jiya Baffa ya kai ni na gan shi. Idon hagu ya mutu, wannan an gama. Da ya hango ni sai ya yi murmushi ya ce ai ni na ci riba, yanzu ya zama dole ya zauna in riƙa karanta masa labaran nan da yake yi mini dariya a kansu. Na gaya masa maganar Shitu. Ya ce shi bai ga wanda ya doke shi ba, ni na gani, saboda haka abin da na zaɓa shi ya zaɓa. Duk maganar nan hannun damansa yana cikin riga. Na ce ya fito da shi, ya ƙi, sai da Baffa ya tsawata masa. Yaya, ba a ɗora shi ba. Tsumma ne aka ɗaure, ya kumbura kamar kabewa, yatsu biyu sun fara baƙi, warinsa ya riga shi fitowa. Baffa ya je wurin wani mai ɗori a Kiru ya kwatanta masa, mutumin ya ce a kawo shi maza a gani, in kuwa aka kai Sallah to sai dai asibiti su yanke.

A littattafan da nake karantawa, yarinyar takan tsaya ƙyam, ta nuna azzalumi da yatsa, kotu ta yi tsit, a tafi da shi. Na yi mafarkin tsayuwar nan har na shirya abin da zan faɗa. Na san kuma abin da kike so mini ke nan, don ba ki taɓa barin wani ya taɓa ni ya tafi haka ba tun muna yara. Amma su a can babu wanda hannunsa ke ruɓewa yayin da ake jiran lauya.

Ki gai da Yaya Mainasara, ki yi masa godiya, ki ba shi haƙuri. Ki shafa mini kan A'isha da Umaru, ki ce Anti ba ta manta alkawarin alewarsu ba. Baffa yana gaishe ku, Inna Tasalla tana roƙon ku sa ɗanta a addu'a, Tani maƙwabciyarmu da ke wanke mini ƙunar nan ita ma ta ce in miƙa gaisuwarta.

Ranar Litinin zan bi Baffa Kano, in faɗa da bakina cewa na janye ƙarar Sale. Ban yafe ba, janyewa na yi. In an saki maigidan, daga can Kiru za mu wuce da shi wurin mai ɗori.

Taki ƙanwa,
Saude.