Yadda Bijimin Baba Ya Bar Garke

Zuwa ga Yayana Sha'ibu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Haula da yara. Mu nan Dakoro muna godiya ga Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sanda. Hamdiya ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Na zaɓi in rubuto maka ne domin duk ranar da ka kira Inna tana kusa, kuma maganar nan ba ta son a sake tayar da ita gabanta.

Yaya, bijimin Baba ya tafi, jan nan ɗan irin shanun Azawak, kuma ko dala ba mu gani ba. Ka san bana daji ya ƙone da wuri, daga nan har Rumbu babu ciyawar kirki. Muka yi shawara a sayar da shi a sayi dussa da ƙwayar auduga, a riƙe sauran shanun har ruwa ya sauka. A kasuwa tayin da aka yi abin kunya ne, shi ya sa ƙanenmu Nafi'u ya sa hotonsa a rukunin gwanjon dabbobi na waya, inda kowa yake tayawa har wa'adi ya cika. Mutane suka yi ta ɗagawa, wani mai kiran kansa Alhaji Samba daga Yamai ya fi kowa. Nafi'u ya shigo gida yana dariya, rabon da in ga haƙoransa tun rasuwar Baba.

Da la'asar sai ga kamyo, babbar motar ɗaukar dabbobi, a ƙofar garke. Alhajin ya turo hoton resi, takardar shaidar biya, ga sunan Nafi'u, ga hatimi, sannan saƙo ya shigo waya kamar daga ajans ɗin aika kuɗi, wai kuɗi sun iso. Lokacin an riga an rufe ajans. Nafi'u ya ce a bari sai da safe ya karɓa, amma direban ya ce yana da wasu dabbobi a mota, ƙishi zai kashe su. Alhajin kuma ya kira, muryar dattijo, ya ce ashe ɗan Musulmi zai mai da shi ɓarawo bayan ya biya. Kunya ta kama Nafi'u. Da hannunsa ya ja igiyar, bijimin yana turjewa, har ya hau.

Washegari Kadija, mai aiki a ajans, ta duba lambar resin ta ce babu wannan aike ko kaɗan, saƙon ma ba nasu ba ne. Nafi'u ya kira nimeron wayar Alhajin, a kashe. Mun je wajen jandarma, suka saurare mu da mutunci, suka ce an yi wa wani haka a Birnin Lalle, kuma da katin shaidar da wani ya ɓatar aka yanki layin wayar. Sun ce za su bincika, amma na ga fuskarsu, ban sa rai ba.

Tun daga nan shanu biyu sun kwanta, ɗaya sai yanka ta aka yi, mahauta suka ɗauka a wulaƙance. Nafi'u ya daina shiga mutane. A garke yake yini, abinci sai Inna ta rantse masa yake taɓawa. Babu wanda ya zage shi, kuma ina jin wannan ya fi yi masa ciwo.

Abin da nake roƙo shi ne ka yarda a sayar da raƙuminka da ka bari hannunmu. Gwanjon wayar zai fi kawo kuɗi, kuma yawancin masu tayi a can mutanen kirki ne. Kawu Hama ya zauna da mu, mun tsayar da magana: ba hoto, ba saƙo, ba muryar kowa. Mai saye ko wakilinsa ya zo da rana, a shiga ajans tare, kuɗin su shiga hannu gaban Kawu da dillali, a duba takardun kuɗin, sannan a kwance raƙumi. Wanda yake sauri ya tafi da saurinsa. Kadija ta ƙara gargaɗinmu da masu cewa sun turo fiye da kima a mayar musu da ragowa. Kuma ina so Nafi'u ne zai yi cinikin, in ba haka ba ba zai sake ɗaga kai ba. Idan ka kira, don Allah kar ka yi masa faɗa.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu Hama, da Hamdiya da mijinta Zakiru. Ka gaida Haula, ka shafa mini kan Ramla da Abdulrauf.

Ka ba mu amsa kafin kasuwa mai zuwa, Yaya. Farar saniyar Inna tana ɗauke da cikin bijimin nan, kuma yau da safe sai da muka kama wutsiyarta muka ɗaga kafin ta iya miƙewa.

Taka ƙanwa,
Rahamatu, Dakoro.