Tela Ya Ce Ƙwayar Ta Canja

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki duba ƙarƙashin filonta, can take ɓoye magani, na san halinta.

Yaya, tsoro nake ji. Kin tuna Tela, majinyacin nan na asibitinmu, ɗakin masu taɓin hankali, da ya gyara mini aljihun rigar aiki? Ciwonsa shi ne zargin ana sa masa wani abu a magani. Shekara biyu ina lallashinsa, har rantsuwa na yi masa, ya koma ba ya karɓar ƙwaya sai daga hannuna.

To, an kawo gwajin sabon magani. Wansa ya sa hannu a madadinsa, aka ce kada mu gaya masa don kar hankalinsa ya tashi. Kwalabe ne masu lamba, ni kaina ban san me ke ciki ba. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana zura zare a allura, ina za a ɓoye masa? Ran farko ya juya ƙwayar a tafin hannu ya ce ta fi ta da ƙanƙanta. Likita ya rubuta cewa ciwo ya dawo. Ina tsaye, Yaya, na bar shi ya rubuta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Na ga wasiƙarki, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Kin ce in yi abin da aka sa ni, in riƙe aikina. Na gwada, wallahi.

Shugabarmu ta ce idan Tela ya sake maganar ƙwayar, ɗakin kulle za a mai da shi. Abokan aikina sun rabu, wasu na cewa ba a samun magani sai da gwaji. Ban musa ba. Amma shi wa ya tambaye shi?

Jiya da safe na kai masa ƙwayar. Bai ko kalle ta ba. Ya roƙe ni gafara, wai ciwon ne ya sa ya zarge ni, ya san ba zan cuce shi ba. Ya buɗe baki ya haɗiye. Na miƙa masa kofin ruwa.

Yau na rubuta a rahotona cewa Tela bai yi ƙarya ba, an canja ƙwayar, na sa hannu. An ce in je ofis ranar Litinin. Ba ofis ɗin ne ya fi ba ni tsoro ba, Yaya. Gobe zan gaya wa Tela gaskiya da bakina, kuma ban san daga hannun wa zai sake karɓar magani ba.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna. A gaida yara.

Taki,
Auta