Ɗakin da Ke Saman Zaure

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki. Na rubuto ne don a waya ba kya bari in kai aya.

Na ji ke aka ba aikin kwalliyar zauren da za a yaye mu daga kwalejin aikin jinya. Gwaggo, abu ɗaya nake so a duniya: Baba ya ga an miƙa mini takardata. Kin san yayanki. Tun ranar ba da kyaututtuka a firamare, da lasifika ta yi ƙara ya toshe kunnuwa ya fice, bai ƙara shiga taro ba. Mutane suka ce girman kai ne. A karatunmu na gane ba haka ba ne, kuma ba ciwo ba ne. Ƙarar da ni da ke muke ji kaɗan, shi ninki goma take shigar masa, haka haske, haka ƙamshi. Shi ya sa ya fi sakewa a shagonsa, shi da agogunan da yake gyarawa.

Ki samo masa ɗaki mai shiru inda zai hango dandamali. Na rubuta masa, ya ce zai duba. Kin san "zan duba" ɗin Baba ba ƙaramin abu ba ne.

'Yarki,
Auta

*

Auta 'yar albarka,

Ina amsawa, ina kuma gaishe ki. Wato ni ce mai surutun ko? Za ki zo ki same ni.

Ke dai ki kwantar da hankalinki! Akwai wani ɗaki a saman zauren, mai babbar taga ta gilashi, ana ganin dandamali tar. Tarkace aka zuba a ciki, na sa an kwashe. Yaya guda gare ni, ai ba zan ajiye shi a ɗaki fayau kamar wanda ya zo jiran likita ba. Na zagaye tagar da ƙananan fitilun nan masu walƙiya, ja da kore. Balan-balan arba'in. Turare kwalba biyu, mai tsadar. Na sa an jawo masa lasifika tasa shi kaɗai don kada kalma ɗaya ta wuce shi.

Shirun da kika ce ma ban manta ba. Akwai wani tsohon agogon bango da ke ta ƙyas-ƙyas, na cire shi na jefa a sito. Ki faɗa mini in akwai mai kwalliyar da ta kai ni.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Barka da aiki, sannu da ƙoƙari. Na karanta wasiƙarki na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma hawayen suka zama na gaske.

Don girman Allah ki kwashe. Duka. Fitilun, turaren, lasifikar, balan-balan ɗin nan da in ɗaya ta fashe shi ke nan mun rasa shi. Ki bar kujera, tebur, ruwan sha da labule mai kauri. A kashe fitilar sama, hasken taga ya isa. Ki manna takarda a ƙofa cewa ɗakin na duk wanda hayaniya ta dama ne, a shigo a hankali.

Agogon kuma, shi kaɗai ne abin da ya kamata ki bari! Shekara talatin Baba yana zaune cikin wannan ƙarar, ita ce take kwantar masa da hankali. Ki dawo da shi.

Kada ki yi fushi. Na san ƙauna ce ta yi miki yawa.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa da murna, malamar jinya! Kin yi kyau a rigar nan, ko da yake hular ta karkace.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu ina kumbure-kumbure, sannan na kwashe kayana, ɗaki ya koma kamar an yi mana sata. Amma Auta, ya zo! Tun kafin a buɗe ƙofa ya iso da rigarsa mai ruwan toka, na bi da shi ta matakalar baya. Ya tsaya ya saurari agogon, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Nan ya yi." A wurin Yaya wannan ai jawabi ne.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Wata mata ta hawo da 'yarta budurwa mai abin toshe kunne, suka zauna a ƙasa. Can sai ga wani babban malaminku da rigar bikinsa, ya jingina da bango ya rufe ido minti goma, ya yi mini godiya da kai ya koma. Ni ma na zauna. Ni, Gwaggonki, rabin awa ban ce uffan ba, kuma wallahi daɗi na ji. Kada ki faɗa wa kowa.

Saura abin da ke ci mini rai. Da aka zo kiran ajinku na juya in taɓa shi, sai na tarar ya ba taga baya. Ya sauke agogon ya kwance shi a tebur, ya jingina gilashin fuskar agogon da kwalbar ruwa, yana ta aiki da 'yar sukudirebar da ba ya rabuwa da ita. Kin ce kada a yi ƙara, ban iya kiransa ba. Kika hau, kika karɓa, kika sauka, bai waiwayo ba. Kafin jama'a su fito ya mayar da agogon bango ya tafi.

Ina jin bai gan ki ba, 'yar nan. Da na bar agogon a sito da haka ba ta faru ba. Ki yafe mana mu duka biyun.

Gwaggonki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Gwaggonki ta ce wai ban gan ki ba. Ta yi kuskure.

Ba na iya kallon mutum dubu kai tsaye. Shi ya sa na jingina gilashin agogon ya zame mini madubi, na daidaita shi yadda matakalar dandamali kaɗai take fitowa a ciki. Matakala biyar ce. Kin yi tuntuɓe a ta huɗu, kika yi dariya. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti bakwai a agogon hannuna. Na yi farin ciki ƙwarai.

Agogon yana latti da minti huɗu, na gyara musu.

Ki tambayi Gwaggonki ko akwai wani taron a zauren nan. Zan zo.

Babanki