Ku Canza Kalma Ɗaya, Ummi Ta Maido Mini Hulata

Ummi ta ɓoye mini hula! Jikata, wadda ta shekara guda ba ta tsokane ni ba, ranar Talatar da ta wuce ta ɗauke hular da nake zuwa Juma'a da ita, ta ɓoye, ta tsaya a ƙofar zaure tana dariya har da riƙe ciki. A yi mini haƙuri, na faɗi wannan tun kafin in yi sallama. Ya cika mini baki ne.

Zuwa ga Hajiya, Shugabar shirin nan na yanar gizo da aka kawo wa ɗaliban sakandare a birnin Katsina domin kare su daga ciwon damuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, iyali lafiya, ma'aikatanki lafiya. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Malam Sada. Wankin hula nake yi a Ƙofar Sauri, sana'ar da na gada. Ban shiga aji ba sai da na haura hamsin, a ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata firamare kusa da mu. Shi ya sa har yau da yatsa a kan layi nake karatu, ba na tsallake kalma ko ɗaya. Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta. A buɗe na aiko ta don maƙwabtana su ji, domin maganar ta shafe su. Ummi ta karanta, ta yarda a buga, bayan ta gyara mini ƙugiyar wasu haruffa. Ummi ba shi ne sunanta na yanka ba. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba ya faɗuwa a bakina.

Na zo da godiya, na kuma zo da ƙorafi. Ga su daki-daki.

Na farko, halin da muke ciki kafin ku zo. Mahaifin Ummi ɗana ne. Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce, ita da uwarta suna nan gidana. Shekarunta goma sha biyar. Kin san wasan da ke tsakanin kaka da jika. Tun tana ƙarama, in ta gan ni sai ta ce tsoho mai ran ƙarfe, yaushe zan tafi ta gaji tabarmata. Ni kuma in ce mummuna, ko kyauta aka ba ni ita ba na so. Bayan rasuwar, wasan nan ya ragu, har ya ɗauke. Sai ta dawo daga makaranta ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi kamar baƙo, ta shige ɗaki. Tuwo ta ci loma biyu ta ture. Ƙawayenta su zo, ta ce a ce tana barci. Ɗinkin hula da ta fara koya a wurin uwarta ta ajiye, allura a soke cikin ƙyalle.

Mu kuwa me muka ce? Cewa muka yi Ummi ta yi hankali. Ni da bakina na faɗa wa abokan zamana cewa yarinyar ta girma, ta daina surutu. Shirunta muka riƙa yabo, ranki ya daɗe. Wannan laifinmu ne, ba naku ba, kuma na ɗauka.

Na biyu, takardar da kuka aiko. Farkon zangon da ya wuce Ummi ta kawo mini takarda daga makaranta, ana son sa hannun uba ko mai riƙo. Na sa tabarau, na ɗora yatsa. Layin farko, da manyan baƙaƙe, cewa ya yi: Shirin Rigakafin Taɓin Hankali ga Matasa. A nan yatsana ya tsaya. Ban karanta sauran ba. Yarinyar da muke cewa ta yi hankali, ga takarda daga hukuma tana cewa hankalin ne ake tsoron ya taɓu. Na ninke ta na cusa ƙarƙashin tabarma, na hana uwarta barci da faɗa a kan wanda ya kai sunan jikata cikin mahaukata.

Ban ce taɓin hankali abin kunya ne ba. Cuta ce kamar kowace, Allah ya ba masu fama da ita lafiya. Amma ke ma kin san garinmu. In kalmar nan ta manne wa yarinya, ba ta fita. Za ta bi ta makaranta, ta bi ta gidan biki, ta bi ƙannenta. Uba zai gwammace ya ga ɗiyarsa tana ramewa a ɗaki da ya sa hannu a ƙarƙashin wannan layi.

Na uku, yadda aka yi na sa hannu. Ba hikima ba ce, fushi ne ya kai ni makarantar. Na je in yi rigima. Malamar da ke kula da ɗalibai mata ta bari na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta kai ni ɗakin kwamfuta, ta zaunar da ni a kujerar yara, gwiwoyina suna dukan tebur, ta sa mini abin sauraro a kunne, ta kunna darasin farko. Na saurara har ƙarshe. Ban ji an ambaci hauka ko sau ɗaya ba. Abin da na ji shi ne ana bayanin yaron da ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barcinsa ya lalace, yake ganin kamar shi nauyi ne a kan mutane. Kamar mai maganar ya kwana a gidana. Malama ta ce wannan shi ake kira ciwon damuwa, kuma shirin na taimakon yara ne tun abin bai yi ƙarfi ba. Wanda nasa ya yi nisa, likita ake haɗa shi da shi. Na ce to me ya sa ba haka aka rubuta ba? Ta ce haka takardar ta zo musu daga ofishinku. A tsaye na sa hannu.

Mako takwas Ummi ta yi, darasi ɗaya kowace Laraba bayan an tashi. Ba zan ce shirinku ne kaɗai ya yi aikin ba. Akwai addu'a, akwai haƙurin uwarta, akwai Malama. Amma na ga abin da na gani. An koya mata in mugun tunani ya zo, ta tsayar da shi ta nemi shaidarsa, kamar yadda alƙali ba ya karɓar magana sai da shaida. An ce ta zaɓi ƙaramin abu ɗaya da take so a da, ta riƙa yin sa ko ranta ba ya so. Sai ta zaro allurar nan daga ƙyalle. An ce ta nemi babba ɗaya da ta yarda da shi ta faɗa masa abin da ke ranta. Ni ta zaɓa. Wata ranar Asabar da hantsi ina shanya huluna, ta zauna kusa da ni ta ce tun rasuwar babanta take ganin in ta yi dariya kamar ta manta da shi ne. Shekara saba'in da 'yan kai nake da su, ban san yaro yana ɗaukar irin wannan kaya ba. Na ce mata ubanta ya fi kowa dariya a gidan nan, duk ranar da ta yi dariya muryarsa nake ji. Muka yi kuka, muka yi masa addu'a, hular wani Alhaji ta faɗa cikin ruwan sabulu.

Na huɗu, shi ne ƙorafin. Malama ta shaida mini za ku rufe shirin a makarantar ƙarshen wannan zango, saboda rahoton da ya iso teburinki ya ce iyayen yankinmu ba su ba da haɗin kai ba. Ranki ya daɗe, wannan rahoto bai faɗi gaskiya duka ba. A layinmu gida biyar aka kai wa takardar nan. Ni kaɗai na sa hannu, ni ma sai da na je rigima. Sauran huɗun na zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce ba ya son a taimaki ɗansa. Dukansu a layin farko suka tsaya, inda na tsaya. Ba shirin muka ƙi ba, sunan da kuka sa masa muka ƙi. Wanda ya fassara muku takardar ya san Turanci, amma ban ga alamar ya taɓa zama a zaure ya ji yadda kalma ke faɗowa a kunnen uba ba.

Cikin gidajen nan huɗu akwai na wani maƙwabcina, ba zan kama sunansa ba. Ɗiyarsa ƙawar Ummi ce. Yanzu ita ce ke shigewa ɗaki, ita ake yabo da cewa ta yi hankali. Na yi wa uban bayani, ya ce ya yarda da ni, amma hannunsa ba zai hau takarda mai wannan kalma ba. In kun rufe, yarinyar nan ba ta da inda za ta je. Gidansu ba babbar waya, ɗakin kwamfutar makaranta ne kawai hanyarta.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ku janye takardar, ku sake bugawa da sunan ciwon damuwa, kuma kafin ku buga ku karanta wa tsofaffi biyu ko uku ku ga yadda fuskarsu za ta yi. Ku ɗaga rufewar ko da zango ɗaya ne, a gwada sabuwar takardar. Sannan ku kira iyaye ku kunna musu darasin farko kamar yadda aka kunna mini, domin da yawa cikinmu kunne ya fi mana ido. In kuna son wanda zai tashi ya yi magana a taron, ga ni.

Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kika riga kika yi wa gidana. Allah ya raya miki zuri'a, ya tsare su daga damuwar da ba a gani, ya sa ki gama aikinki lafiya.

Saura batun hula. Na roƙi Ummi ta maido mini, ta ce kan tsoho ma yana son shan iska, kuma ba zan sake ganin hular ba sai ranar da ƙawarta ta zauna a gaban kwamfutar nan. Ga huluna tuli a gabana, amma duk amanar mutane ce. Masallaci da wata tsohuwar hula nake lallaɓawa, a zaure kuwa kai a buɗe nake zama, kuma ban taɓa jin daɗin zama haka ba. Don haka Hajiya, ki zo. Ki taho da mai fassararku. Maƙwabta, ku ma ku zo, da ku da takardunku da kuka cusa ƙarƙashin tabarma. Kowa a Ƙofar Sauri ya san zauren mai wankin hula. Ku zo bayan la'asar ku ga mai wankin hula ba hula, ku ji wadda ta ɓoye ta tana dariya daga cikin gida.

Wassalamu alaikum.

Malam Sada mai wankin hula,
Ƙofar Sauri, Katsina.