Tofi a Ledar Ƙarin Ruwa

Daga Batsari, zuwa ga Kawu Sale a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ni ne ɗanka Nafi'u, mai digiri a fannin jinya, ma'aikaci mai cikakken lasisi, kuma maƙasudin wannan takarda neman fatawa ne. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna Rabi da yara, yaya zaman baƙunta?

Kawu, kai da ka tsufa a aikin nan, ga mas'ala. Kwanakin baya aka kawo wata tsohuwa daga Darini, amai da gudawa sun galabaitar da ita. Na rataya ledar ƙarin ruwa, sai ta janye hannu ta ce, "Ɗan nan, ruwan da ba a yi wa tofi ba ne zai shiga jikina?" Na yi mata gamsasshen bayani a kimiyyance, ta juya wa bango fuska. Da na ga idanunta suna zurmawa, na karanta Fatiha na tofa a bayan ledar, wadda take rufe ruf. Ta miƙo hannu, ta kuma warke.

Yanzu duk ɗakin majinyatan ba mai yarda da ruwa sai na tofa, har Malam Nas suke kirana. Shugabarmu ta ce asibiti ba zauren malami ba ne, ko in daina ko a yi mini canjin wuri. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, tun da na kama aiki ban taɓa ɗokin zuwa asibiti kamar yanzu ba.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa da kowa. Ina buƙatar amsa a rubuce, ba ta waya ba, kafin ƙarshen watan nan, domin tsohuwar ta aiko cewa ƙanwarta tana tafe.

Ɗanka,
Nafi'u